Yadda Ake Noman Kabeji a Cikin Gida a Kaduna, Daga Renon Iri Zuwa Yanka

Tun bara da na raba wa maƙwabta kabejin da na yanka a bayan ɗakin girkinmu ban huta da tambaya ba. A tare ni a ƙofar masallaci, a ja ni gefe a wurin ɗaurin aure, matan unguwa kuma su aiko yara wurin uwargida: wai da gaske a gidan nan aka noma shi, ba daga Jos aka kawo ba? Waɗanda suka taɓa gwadawa kuwa kukansu ɗaya ne. Ko dai ganye ya baje ya ƙi naɗewa, ko tsutsa ta mayar da shi rariya. Shi ya sa na zauna na jera aikin yadda nake yin sa, mataki bayan mataki.

Kabeji ba ya neman babban fili, ba ya neman jari mai yawa. Abu biyu ne ba ya yafewa: a shuka shi ba a kan lokaci ba, ko a yi kwana uku ba a ɗaga ganyensa an leƙa ƙarƙashi ba.

1. Tsayar da lokaci

Kabeji ɗan sanyi ne. Ya fi jin daɗi idan yanayi yana tsakanin digiri 15 zuwa 20, kuma da zarar zafi ya yi tsanani sai ya riƙa fitar da ganye ba tare da ya dunƙule ba. Abin da ya sa Jos ta yi suna da shi ke nan. Mu a Kaduna sanyinmu na aro ne, hunturu ke kawo shi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sannan Maris da Afrilu su zo da zafin da kan kai digiri 35 ko ya haura. Dabarar duka ita ce ka sa lokacin naɗewar kabejinka ya faɗo a tsakiyar hunturu.

Ga lissafin. Iri yana yin sati 4 zuwa 5 a wurin reno. Bayan dashe yana buƙatar kwana 60 zuwa 90, ya danganta da nau'insa. Idan ka zuba iri a farkon Oktoba, lokacin da ruwan sama ke shirin ɗaukewa, za ka yi dashe a farkon Nuwamba, ka fara yanka a Janairu. Kana iya ci gaba da zuba iri har tsakiyar Nuwamba. Bayan haka ka shiga caca da zafi.

Ni kaina a nan na fara tuntuɓe. Shekarar farko a Fabrairu na zuba iri, don a lokacin na ga kabeji ya cika kasuwar Bakin Dogo, sha'awa ta kama ni. Na yi ta ɗawainiya da shi wata uku, ganye kore shar, faɗinsa kamar faranti, amma ko ɗaya bai ƙulla kai ba. Na je wurin wani dattijo da ke lambu a bakin kogin Kaduna na ce, "Baba, me na rage masa? Taki na ba shi, ruwa na ba shi." Ya ce, "Ɗana, ba ka rage masa komai ba. Lokacin da ka gan shi a kasuwa, lokacin yanka ne, ba na shuka ba."

A kula: ana iya yin sa da damina, amma wannan ba aikin sabon shiga ba ne. Ruwa da danshi suna kawo ruɓa, tsutsa kuma ta fi yawa. Fara da na hunturu tukuna.

Shawara ɗaya da za ta amfani gida: kada ka zuba irin duka rana ɗaya. Zuba na gindi goma yau, bayan sati biyu ka ƙara na goma. In ba haka ba duk za su nuna tare, ka rasa yadda za ka yi da su. A 'yan shekarun nan da azumi ke faɗowa wajen ƙarshen hunturu, zubin Nuwamba shi ke kai mutum ga kwaɗon buɗa-baki.

2. Kayan aiki da abin da za a kashe

Yawancin kayan akwai su a gida: fartanya, shebur, bokiti, igiya, wuƙa. Abin ban ruwa mai rariya a baki yana da amfani, amma gwangwani babba da aka huhhuda gindinsa da ƙusa yana yin aikin. Sai ƙaramin abin feshi na hannu mai cin lita ɗaya ko biyu. Wannan kam a saya sabo, a keɓe shi don lambu kawai.

Kuɗi wuri huɗu yake tafiya: iri, taki, ruwa da shinge. Farashi yana sauyawa kowace kaka, don haka ka yi lissafi da ma'auni. Giram ɗaya na irin kabeji yana ɗauke da ƙwaya 250 zuwa 300. Ke nan ƙaramar fakiti mai giram 10 ta kusa ƙwaya 3,000, kai kuwa gindi 20 ko 30 kake nema. Ku haɗa kuɗi ku huɗu ko biyar ku raba fakiti ɗaya, har ta yi saura. Takin zamani ma ba sai ka tunkari buhu ba. Rabin mudu na kamfa da gwangwani ɗaya na yuriya sun ishi lambun gida. Takin gargajiya sau da yawa kyauta ake samu wurin masu kiwo a unguwa, kuɗin ɗauko shi kawai za ka biya.

Ruwa shi ne kuɗin da mutane ke mantawa. Wanda ke da rijiya ko burtsatse ya huta. Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa ya san cewa gindi 12 za su riƙa shan kusan jarka ɗaya kullum idan sun girma, har tsawon wata biyu da wani abu. Ka auna wannan kafin ka yanke yawan da za ka dasa.

Shinge kuwa dole ne idan akwai kaji ko awaki a gidan, ko a maƙwabta. Akuya ɗaya tana gama aikin wata biyu kafin ka idar da sallar la'asar. Raga ta waya, zana, ko tsofaffin buhuna da aka ɗaure a jikin sanduna, duk suna yi.

3. Sayen iri

Je shagon kayan noma na gaskiya, irin waɗanda ke kewayen babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kawo, in kuma hanya ta bi da kai Zariya, Samaru da Sabon Gari ba a rasa su. Nau'o'in da aka saba gani a ƙasar nan sun haɗa da Copenhagen Market, Gloria F1, Oxylus F1 da KK Cross. Copenhagen ya fi araha, yana nuna da wuri, amma kansa yana saurin tsagewa idan an bar shi. KK Cross an san shi da jure zafi, shi nake ba wanda ya makara shawara ya nema. Masu F1 a jikin sunansu, wato irin da aka samar ta hanyar auren nau'i biyu, sun fi tsada, amma sun fi fitowa bai ɗaya.

Gargaɗi: kada ka sayi irin da aka ƙulla a farar leda ba suna ba kwanan wata. Na taɓa saye a hannun wani mai talla, cikin ƙwaya sama da ɗari bai fi goma da suka tsira ba, kafin in gane sati biyu sun wuce. Duba ranar ƙarewar aiki a jikin fakiti, ka tabbata ba a buɗe ta ba, ba ta kuma sha rana a kan tebur ba.

Idan ragowar irin bara ne a hannunka, gwada shi tukuna. Jera ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma, naɗe, ka riƙa yayyafa ruwa. Bayan sati ɗaya, in bakwai ko takwas sun tsira, irin yana da rai.

Wanda ba ya son wahalar reno yana iya sayen irin dashe wurin masu lambu, ya tsallake mataki na gaba. Sai dai ya duba ƙarƙashin kowane ganye, don kada ya sayo tsutsa da kuɗinsa ya kawo gida.

4. Renon iri

Nemi wuri mai samun ranar safe, inda kaji ba sa kaiwa. Don gindi 20 ko 30, tsohon baho da aka huda ko akwatin katako ya isa. Ni na fi son ledar fiya-wata: a yanke samanta, a huda gindi wuri uku ko huɗu, kowace leda tsiro ɗaya. Ranar dashe saiwa ba ta jin jiki ko kaɗan.

Haɗa ƙasa mai laushi kashi biyu, ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe kashi ɗaya, da ɗan yashi. Kwana ɗaya kafin shuka, kwarara mata tafasasshen ruwa ka bar ta ta huce. Wannan yana rage ƙwayoyin cutar da ke kashe tsiro.

A baho, ja layi da yatsa, zurfin santimita ɗaya, tazarar yatsu huɗu zuwa biyar tsakanin layi da layi. Jera irin ɗaya-ɗaya, kada ka watsa shi kamar na alayyafo. A leda kuwa ƙwaya biyu-biyu, daga baya a cire mai rauni. Rufe da ƙasa kaɗan, shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, ka yayyafa ruwa a hankali.

Cikin kwana 4 zuwa 7 za ka ga ya fara leƙowa. A ranar da ka ga haka, kwashe ciyawar nan. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani: a bar ciyawa kwana biyu ko uku bayan tsiro, sai ya yi dogon wuya fari sol, siriri kamar zare, irin wannan kuwa ba ya zama kabejin kirki. Maimakon ciyawar, kafa 'yar rumfa mai tsawon gwiwa wadda haske ke ratsawa, ko ka lulluɓe wurin da tsohon gidan sauro da aka wanke. Ragar tana tsare ƙadangaru, fara da ƙwaron da ke saka ƙwan tsutsa.

Ban ruwa safe da yamma, kaɗan-kaɗan. Ƙasa ta kasance da danshi, ba caɓi ba.

Gargaɗi: idan ka ga tsiro yana sirancewa daga gindi, ya yi baƙi ya kife, ruwa ya yi yawa ko sun cunkushe. Cire waɗanda suka faɗi, rage ruwan yamma, ka sassauta su yadda iska za ta ratsa.

A satin ƙarshe kafin dashe, cire rumfar, ka rage ruwa zuwa sau ɗaya a rana. Horo ne, don su saba da ranar da za su tarar a fili.

5. Gyaran wuri

Wannan aikin ana yin sa ne yayin da iri ke wurin reno, aƙalla sati biyu kafin dashe.

Zaɓi inda rana ke faɗawa awa shida ko fiye. Ƙarƙashin mangwaro ko jikin doguwar katanga ba ya yi. Ƙasar yawancin unguwannin Kaduna ja ce, mai marmara, idan ta bushe sai ta yi tauri kamar daɓe. Saboda haka haƙa ta sosai, zurfin bakin shebur, fasa hoge, tsince duwatsu da leda. Fili mai faɗin mita ɗaya da 'yan kai, tsawon mita uku, yana ɗaukar gindi 12 a layi biyu. Zuba masa bokiti uku zuwa huɗu na ruɓaɓɓen taki, kashin shanu, na tumaki ko na kaji, ka cakuɗa da ƙasar. Ɗan tokar murhu, kamar gwangwani biyu, yana gyara jar ƙasa, don kabeji ba ya son ƙasa mai tsami.

Da rani, yi fangali mai ɗan zurfi da gefe-gefe don ya riƙe ruwa. Da damina akasin haka ake yi, a ɗaga kunya sama don ruwa ya gangare.

Gargaɗi: ɗanyen kashin kaji wuta ne, yana ƙone saiwa. Taki ya ruɓe idan ya yi baƙi, ya daina wari, ya daina zafi in ka cusa hannu. Wanda bai ruɓe ba yana kuma kiran gara. Ƙasar bola ma a guje ta; akwai fasassun batura da kwalabe a ciki, abin da za ka shuka kuwa ɗanye ake cin sa.

Gidajen da aka shafe tsakar gida da siminti ba a bar su a baya ba. Buhun shinkafa ko bokitin fenti mai lita 20 da aka wanke tas yana ɗaukar gindi ɗaya. Huda gindin, naɗe bakin buhun ƙasa, cika shi da haɗin ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, da ɗan ɓuntun shinkafa ko yashi. Ɗora shi a kan bulo ko katako, don zafin siminti kada ya dafa saiwar. Gindi ɗaya na ce. Duk wanda ya sa biyu a buhu ɗaya zai yanki ƙanana biyu da ba su kai guda ɗaya mai kyau ba.

6. Dashe

Tsiro ya isa dashe idan ya yi ganyen gaskiya huɗu zuwa shida, tsawonsa kamar santimita 10 zuwa 15, karansa gajere mai kauri. Kada ka bari ya wuce sati shida a wurin reno. Tsohon iri ba ya yin babban kai.

Yi dashe da yamma, bayan la'asar sakaliya. Awa ɗaya kafin nan jiƙa wurin reno sosai, ka jiƙa fangalin ma. Tazara tsakanin gindi da gindi kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, santimita 45 zuwa 50. Tsakanin layi da layi ƙara ɗan taƙi a kai. A ranar za ka ga kamar ka yi asarar fili, 'yan tsirrai tsilli-tsilli a wuri fetal. Bayan sati biyar ganyensu zai haɗe har ba ka ganin ƙasa.

Ɗago kowane tsiro da ƙasarsa ta amfani da cokali, ko ka farke ledar. Kafin ka sa shi a rami, duba tsakiyarsa. Dole ka ga ɗan sabon ganye yana fitowa, shi ne idon. Wanda idonsa ya mutu ko tsutsa ta cinye, jefar da shi, komai kyansa. Ba zai taɓa naɗewa ba. Binne karan har zuwa ganyen farko, danna ƙasa da yatsu, ka ba shi ruwa nan take.

Washegari da rana za su yi laushi su kwanta. Kada hankalinka ya tashi. Kafa musu ɗan ganyen mangwaro ko guntun kwali ta ɓangaren da rana ke duka na kwana biyu ko uku. Ajiye ragowar irin har sati ɗaya don cike gurbin wanda ya mutu.

A kula: idan ka wayi gari ka ga an datse tsiro daga gindi kamar da reza, tona ƙasar wurin da yatsa. Za ka samu wata tsutsa mai kauri, ruwan ƙasa, ta nannaɗe. Kashe ta kafin ta koma kan na kusa da shi da dare.

7. Ban ruwa

Satin farko safe da yamma. Bayan sun kama, sau ɗaya a rana ya isa a fangali, amma a ba su su ƙoshi. Na buhu kuwa iskar hunturu tana busar da shi da sauri, sau da yawa sai an ba shi sau biyu. Babban gindi yana shan lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana. Cusa yatsa cikin ƙasa; in ka ji bushewa har gaɓa ta biyu, yana jin ƙishi.

Zuba ruwan a gindi, ba a kan ganye ba. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓuntu a kewaye don riƙe danshi, amma kada ta taɓa karan, kana kuma ɗagawa kana duba gara.

Abin da kabeji ya fi ƙi shi ne yau ambaliya, gobe fari. Idan ya sha ƙishi na kwanaki sannan aka malala masa ruwa, kan yakan tsage. Rashin daidaiton ruwa kuma yana sa gefen ganyen ciki ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, ba za ka gani ba sai ranar da uwargida ta raba shi biyu. In tafiya ta kama ka, damƙa wa wani ban ruwan da sunansa, kada ka ce "yara su riƙa dubawa".

Ruwan alwala da aka tara a baho da ruwan wankin shinkafa duk suna yi. Ruwan wanki mai omo da ruwan kwata ba sa yi.

8. Taki da cirar ciyawa

Kabeji mai ci ne. Kwana 10 zuwa 14 bayan dashe, ba kowane gindi cokalin cin abinci ɗaya, ba tozo, na kamfa 15:15:15. Gwangwanin madara ɗaya ya ishi gindi 12. Ja da'ira nesa da karan da kamar yatsu biyar, zuba, rufe da ƙasa, ka ba da ruwa. Sati uku bayan haka, lokacin da ganyen tsakiya ya fara lanƙwasowa ciki, ƙara cokalin shayi ɗaya na yuriya haka nan. Shi ke nan.

Gargaɗi: taki ya taɓa kara ko ya faɗa cikin idon, ya ƙone. Kuma da zarar kai ya fara tauri a daina yuriya. Yawanta yana sa kai ya yi sako-sako, ya tsage, ya kuma yi saurin ruɓewa bayan yanka.

Wanda ba ya son takin zamani ya ƙara hannu biyu na ruɓaɓɓen kashin kaji a waɗannan lokuta biyu.

Ciyawa da hannu ake cire ta, don saiwar kabeji a sama-sama take, fartanya tana yanke ta. Kana cira kana tura ƙasa a gindi don ya tsaya da kyau. Manyan ganyen waje masu lafiya kuma a bar su. Na ga masu tsinke su don awaki, alhali su ne ke ciyar da kan.

9. Tsutsa da darɓa

A nan ne ake cin nasara ko a faɗi, don haka zan ɗan daɗe.

Babbar abokiyar gaba wata 'yar tsutsa ce koriya, ba ta kai tsawon farcen yatsa ba. Uwarta ƙaramin ƙwaro ne mai fiffike, ruwan toka, da za ka ga yana tashi idan ka girgiza ganye da magariba. Tsutsar tana zama a ƙarƙashin ganye tana kankare shi, ta bar fatar sama kamar farar leda, daga baya wurin ya huje. Alamarta ba ta ɓuya: in ka taɓa ta sai ta yi wutsil-wutsil da baya, ta sulalo ta rataye da zare kamar gizo-gizo.

Ta biyu ta fi ta mugunta ga ƙananan shuka. Ita cikin idon take shiga, ta yi saƙa, ta cinye shi. Za ka ga ɗan kashinta da zare-zare a tsakiyar shukar. Gindin da ta ci sai ya fito da 'yan kawuna uku ko huɗu marasa amfani. Ta fi yawa a ƙarshen damina, daidai lokacin reno, shi ya sa na nace a kan raga.

Sai darɓa, 'yan ƙananan ƙwari masu taruwa cunkus a bayan ganye, su tsotse shi har ya nannaɗe ya yi danƙo. Suna ƙaruwa sosai idan hunturu ya ja.

Maganin farko idonka ne da yatsunka. Kowace safiya, ko aƙalla bayan kwana biyu, ɗaga ganye ɗaya-ɗaya. Murje tsutsa da ƙwai, goge darɓa da jiƙaƙƙen tsumma. Gindi 12 ba sa cin minti goma. Ni bayan sallar asuba nake yi, da gari ya ɗan waye, kuma ƙaramar 'yata ta fi ni ganin su yanzu.

Na biyu raga. Idan ka kafa sanduna ka lulluɓe fangalin da gidan sauro tun ranar dashe, ka danne gefensa da duwatsu, uwar tsutsa ba ta samun shiga. Amma darɓa tana iya kutsawa, don haka ɗaga ragar ka duba duk da haka.

Na uku dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya. 'Ya'yansa sun fi ganyen ƙarfi nesa ba kusa ba. Tara su lokacin da suke zuba, wanke, shanya a inuwa, ka ajiye. Daka busassun, jiƙa kimanin giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, wato gwangwanin madara ɗaya a lita biyu, ya kwana. Da safe tace da tsumma mai laushi, narka ɗan sabulun wanki kamar ƙwayar gyaɗa a ciki. Sabulun yana da muhimmanci, domin ganyen kabeji yana da santsi, ruwa zalla gangarewa yake yi. Fesa da yamma, ka fi ba ƙarƙashin ganye da idon ƙarfi, duk bayan kwana 5 zuwa 7. Ba ya kashe tsutsa nan take. Hana ta ci yake yi har ta mutu, don haka kada ka ce bai yi aiki ba don ka gan ta washegari. Haɗin ba ya ajiyuwa, a yi sabo kowane lokaci, a kuma daina sati ɗaya kafin yanka saboda ɗaci.

Idan abin ya fi ƙarfin waɗannan, je shagon kayan noma ka nemi maganin tsutsar kayan lambu, irin wanda aka rubuta Bt ko emamectin a jikinsa, wanda ke da lambar NAFDAC. Bi ma'aunin da aka rubuta, rufe hanci da baki, kada ka fesa cikin iska. A jikin kwalbar akwai adadin kwanakin da za a jira kafin a ci. Ƙirga su cif. Kada kuma ka nace wa magani ɗaya, domin koriyar tsutsar nan ta yi suna a duniya wajen saba wa magani.

Gargaɗi mai girma: fiya-fiya, Sniper da duk wani maganin sauro ko kyankyaso ba su da wuri a kan kabeji. Ganyen yana naɗewa ne da abin da aka fesa masa a ciki, 'ya'yanka kuma ɗanye za su ci shi a kwaɗo. Gara ka rasa gindi biyar da ka yi wannan.

10. Ruɓa

Idan gefen ganye ya yi rawaya, rawayar tana shiga ciki da siffar bakin mashi, jijiyoyin wurin sun yi baƙi, wannan baƙar ruɓa ce. Ba ta da magani. Tana zuwa ta iri marar kyau, tana yaɗuwa ta fantsamar ruwa da hannu. Tsinke ganyen da ya kamu, in ta ci ƙarfin gindin tumɓuke shi gaba ɗaya ka fitar da shi daga gidan, kada ka zuba cikin taki. Wanke hannu da wuƙa kafin ka taɓa sauran, kuma kada ka yi aiki cikinsu ganye yana jiƙe. Kan da ya yi laushi yana ɗoyi shi ma a fitar da shi nan da nan.

11. Yanka da ajiya

Kwanan da aka rubuta a fakiti jagora ne kawai, tafin hannunka ne alƙali. Danna saman kan. In ya lotsa, da saura. In ka ji shi tauri gam, ganyen sama ya ɗan yi haske yana sheƙi, ya nuna. Gwargwadon iri da kulawa, kai ɗaya yakan yi kilo ɗaya zuwa biyu, wani ya fi.

Yanka da sassafe da wuƙa mai kaifi, ka bar masa ganyen waje biyu ko uku su zama riga. Kada ka wanke sai za a yi amfani da shi. A ɗaki mai sanyi da iska, a kan kwando ba a cikin leda ba, yana yin sati ɗaya zuwa biyu da hunturu. A firji ya fi haka daɗewa.

Idan da yawa sun nuna tare kuma ba ka shirya ba, kama kan da hannu biyu ka ɗan murɗa shi har ka ji saiwa ta yi ƙas. Hakan yana rage ruwan da yake ja, ya saya maka kwanaki kafin ya tsage. Wanda ya riga ya tsage a yanke shi ranar, a yi miya ko a zuba a dafa-duka. Lafiyarsa ƙalau, ajiya ce kawai ba ya yi.

Kututturen da ka bari a ƙasa, in ka ci gaba da ba shi ruwa, zai fito da 'yan kawuna kamar lemun tsami zuwa lemun zaƙi cikin sati uku ko huɗu. Bar biyu ka cire sauran. Suna da taushi, suna daɗi a taliya. Amma in tsutsa ta yi yawa a wurin, tumɓuke kawai, kada ka yi mata gida.

Masu tambayar yadda za su ɗebi iri daga nasu: kabeji sai ya sha dogon sanyi mai tsanani kafin ya yi fure, irin sanyin da ba mu da shi a nan, kuma 'ya'yan F1 ba sa gado iyayensu. Ragowar fakitinka za ka adana. Zuba ta a kwalba mai murfi, busasshiya, ka sa a wuri mafi sanyi a ɗaki.

12. Bayan an kwashe

Tumɓuke duk kututture da saiwarsa, kwashe ganyen da ya zuba. Kada ka maimaita kabeji a wannan wurin sai bayan shekara biyu, uku ma ya fi, saboda cutar da ke kwana a ƙasa. In buhu ne, juye ƙasar a gindin wata shuka ka haɗa sabuwa baɗi. Fangalin kuwa yana da sauran taki a jikinsa, kuma zafin Maris da kabeji ke gudu shi alayyafo da kuɓewa ke so. Sassabe shi sama-sama, jiƙa, ka watsa alayyafo. Cikin sati huɗu za a fara tsinka.